Darasi: Yadda Za Mu Shirya Jana'izar Mai Bi Ba Tare da Bashi Ba

'Yan'uwa, kafin mu fara, bari wani ya karanta mana 2 Sarakuna 4:1-7. A wurin nan mun ga wata gwauruwa wadda mijinta mai tsoron Allah ne, amma ya mutu ya bar bashi. Mai bin bashin kuwa yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Annabi Elisha bai tsaya ga yi mata ta'aziyya kaɗai ba. Ya taimake ta har ta biya bashin, ita da yaran kuma suka sami abin zaman gari.

A ƙauyukanmu, sau da yawa ba marigayi ne yake barin bashin ba, jana'izarsa ce take kawo shi. Akan buɗe rumbu a ciyar da baƙi kwana da kwanaki. Akan sayar da sa ɗaya daga cikin shanun noma domin akwati mai tsada. Wani lokaci har irin shuka akan dafa. Baƙi su watse, damina ta zo, gwauruwa ba iri, ba garma, ba kuɗin makarantar yara. Wannan darasi domin mu hana haka ne.

Mene ne nufin jana'iza?

Muna taruwa domin mu gode wa Allah saboda ran ɗan'uwanmu, mu ta'azantar da iyalinsa, mu kuma shaida begenmu na tashin matattu. Ba ɗaya cikin waɗannan da yake bukatar kuɗi mai yawa. Ubangijinmu Yesu kansa, Yusufu mutumin Arimatiya da Nikodimu ne suka sa shi a likkafani na lilin, suka binne shi a ranar da ya mutu (Yohanna 19:38-42). Kuka ba zunubi ba ne, gama Yesu ya yi hawaye saboda Li'azaru. Amma gasar nuna arziki ba ta da wuri a bakin kabari.

Ranar farko

Da zarar an yi rasuwa, a sanar da fasto ko mai bishara da dattawan ekklesiya. Su zauna da iyalin, gwauruwa kuma tana wurin, a ji ta bakinta. A zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana ya riƙe littafi, ya rubuta kowace gudummawa da ta shigo da kowane kobo da ya fita. A sa rana kusa. Ɗakin ajiye gawa na asibiti kuɗi yake ci kowace rana, motar ɗauko gawa ma haka. 'Yan'uwa na nesa waɗanda ba za su iso ba, ana iya yin sujadar godiya tare da su daga baya, bayan kaka.

Idan amai da gudawa ko zazzaɓin Lassa ne ya kashe mutumin, kada iyali su wanke gawar ko su taɓa ta. A kira ma'aikatan lafiya, a bi umarninsu. Wannan ba rashin ƙauna ba ne, kiyaye masu rai ne.

Tsarin sujada

Sa'a ɗaya da rabi ta isa. Ga tsarin da za mu iya bi:

1. Addu'ar buɗewa da waƙa wadda dukan jama'a suka sani.
2. Karatu: Zabura 90, ko 1 Tasalonikawa 4:13-18, ko wani sashe na 1 Korantiyawa 15.
3. Taƙaitaccen tarihin marigayi. A rubuta shi tun da wuri, mutum ɗaya ya karanta.
4. Shaida daga mutum biyu ko uku, kowa minti 3. A faɗi gaskiya, kada a ƙara gishiri.
5. Waƙa daga mawaƙa ko Zumuntar Mata.
6. Wa'azi, kada ya wuce minti 20. A tuna akwai maƙwabta da ba masu bi ba waɗanda suka zo domin zumunci. A yi magana da ladabi, cikin harshen da kowa yake ji.
7. Addu'a domin iyali, a ambaci gwauruwa da yara da sunansu.
8. Baiko, a kuma sanar a fili cewa na iyalin ne.
9. A tafi makabarta: gajeren karatu, addu'a, binnewa, sa albarka.

Kabari da akwati

Matasan ekklesiya su haƙa kabari kyauta. Zurfinsa ya kai mita ɗaya da rabi, ya kuma yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya ko rafin da ake sha. Akwati na katako marar ado wanda kafintan ƙauye ya yi ya isa.

Aikin ƙungiyarmu

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba ranar rasuwa ake fara shiri ba, a kaka ake farawa. Idan gidaje 30 suka kawo mudu 2 kowanne, mun sami mudu 60 na hatsi a rumbun ƙungiya. Daga nan za a ciyar da baƙin da suka zo daga nesa. Mutanen gari su ci a gidajensu, su kuma kai wa gidan makoki tuwo. Mu ajiye ƙaramin asusu domin katako da mota, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da kuɗi.

Bari mu yarda a kan doka guda, mu rubuta ta a littafin ƙungiya: ba za a taɓa iri, ko shanun noma, ko gona saboda jana'iza ba. Idan dokar ta kowa ce, ba gidan da zai ji kunya don ya yi abu kaɗan.

Bayan an watse

Yaƙub 1:27 ya koya mana cewa kula da marayu da gwauraye sashe ne na addini na gaskiya. Ciyawa ba ta jiran a gama makoki. Idan rasuwa ta faɗo a damina, mu sa ranar gayya a gonar marigayi cikin makon nan, mu koma lokacin maimai da girbi, kowa da abincinsa. Dattawa su tsaya tare da gwauruwa idan dangi suna so su karɓe gona ko rumbu. A taimake ta ta yi rajistar mutuwar a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, gama za a nemi takardar a banki ko wajen fansho.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A jana'izar da muka yi ta ƙarshe, me ya fi cin kuɗi? Lalle ne a yi shi?
2. Mudu nawa kowane gida zai iya kawowa a kakar bana? Wa zai riƙe mabuɗin rumbu?
3. Akwai gwauruwa a cikinmu wadda gonarta take jiran gayya yanzu? Wace rana za mu je?

Mu rufe da addu'a domin gidajen da suka yi rashi a wannan shekara.