Dafin Cinnaka da Abin da Ya Kamata Hakimai Su Sani

A ƙasar Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa da Minjibir gona tana haɗe da gona, gida yana kusa da gida, saboda haka mutum da cinnaka kullum suna tare, a gindin rumbu da bakin randa da ƙarƙashin tabarma. Hausawa suna cewa cinnaka ba ka san na gida ba. Galibi zafinsa na ɗan lokaci ne, amma akwai mutanen da yakan kai su bakin mutuwa.

Ana cewa cizon cinnaka, alhali kuwa harbi ne. Da baki yake riƙe fata, sa'an nan ya lanƙwaso gindinsa ya soka ƙari, ya zuba dafi. Irin da ya yawaita a ƙasashen da ke kudu da Sahara masana sun ba shi suna a 1862, da sunan Sennar ta ƙasar Sudan.

Dafin wannan dangi iri uku ne. Na farko, wani ruwa mai tsami da ake kira asid na fomik, wanda aka fara tatsa daga jikin tururuwa a Ingila wajen 1671. Masu shi ba su da ƙari, fesa shi suke yi. Na biyu, dafin tururuwar wuta ta Amurka, mai kama da mai, wanda yake tayar da ƙurji mai farin ruwa. Na uku, dafin cinnaka, wanda ƙarfinsa yana cikin furotin, kamar na rina da ƙudan zuma.

To, ga inda hatsarin yake. In an harbi mutum karo na farko, jinin waɗansu yakan ƙera makamai na musamman domin wannan furotin. Ran da aka sake harbinsa, sai makaman su sa jiki ya saki wani abu mai suna histamin da yawa gaba ɗaya. Hanyoyin jini su buɗe, jini ya rasa ƙarfin gudu, maƙogwaro ya kumbura. Wato jikin ne da kansa ya wuce gona da iri, don haka cinnaka ɗaya ya isa. Richet da Portier, masana biyu na Faransa, su ne suka bayyana wannan hali a 1902, kuma likitoci a Saudiyya sun sha ganinsa daga harbin wannan cinnaka.

In abin ya tsaya a kan zafi da kumburi a wurin harbin, a wanke da sabulu, a sa tsumma mai sanyi, shi ke nan. Amma fa in borin jini ya bazu a jiki, ko leɓe da harshe suka kumbura, ko murya ta dushe, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya kama shi cikin rabin sa'a, lalle a gaggauta. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya yi wuya a zaunar da shi, amma kada a bar shi ya taka da ƙafarsa. Kada a ɗura masa kome a baka. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Dambatta ko na Bichi. Maganin allurar adirenalin ce a cinya. Ƙwayar ƙaiƙayi ba ta maye gurbinta.

Aikin hakimai shi ne su karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan bayani, su kuma tambayi malamin ɗakin shan magani ko yana da allurar nan a ajiye. Magatakarda ya rubuta sunan duk wanda ya taɓa suma ko ya kumbura bayan harbi, gama shi ne mafi kusa da hatsari nan gaba. A riƙa share tsabar da ta zube a gindin rumbu, a kakkaɓe tabarma kafin a kwantar da yara.