HOTON BEBEN KAMPEN

Ƙasar Holan tana can Turai, bakin teku. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, cike da koguna da hanyoyin ruwa waɗanda mutane suka haƙa domin jiragen kaya. Idan damina ce ke raba shekara a wurinmu, to, su sanyi ne. A ƙarni na 16 da na 17 sanyin Turai ya fi na yanzu tsanani ƙwarai. Ruwan kogi yakan daskare ya zama ƙanƙara mai kauri, har doki ya bi ta kai bai burma ba.

A wannan zamani aka yi wani mai zanen hoto, sunansa Hendrick Avercamp. An haife shi a Amstadam a 1585, ya girma a garin Kampen da ke bakin kogin IJssel, can kuma ya rasu a 1634. Ba ya magana, don haka mutanen garin suka yi masa laƙabi da Beben Kampen. Kafin shi, Pieter Bruegel ya zana mafarauta cikin ƙanƙara a 1565, amma Avercamp ne ya fara mai da hoton lokacin sanyi babbar sana'arsa a Holan.

Bari mu dubi hotonsa guda, wanda ya zana wajen 1608 da fentin mai a kan katako. Yana ajiye a gidan tarihi na Rijksmuseum a Amstadam. Ya zana shi kamar wanda ya hau soro yana leƙen kasuwa. Daga hagu ga majami'a da gidaje, ga itatuwa duk ganye ya kaɗe. A tsakiya kuwa ruwa ne ya daskare, jama'a sun cika shi maƙil. Yawancinsu sun ɗaura wani siririn ƙarfe a ƙasan takalmi, suna zamiya da shi a kan ƙanƙarar, sun fi mai gudu sauri. Waɗansu suna buga ƙwallo da sanda mai lanƙwasa, wasan da suke kira kolf. Ga masu hali cikin tufafi masu tsada, ga keken doki marar ƙafafu ana ja.

Amma kada mu ce duka wasa ne. Jirgin ruwa ya kafe cikin ƙanƙara, watau mai shi ba sauran samu sai ta narke. Wani ya zame ya faɗi. Can gefe kuma ga mushen doki, kare da hankaki suna ci. Mai zanen bai ɓoye wahalar sanyi don ya ƙawata hotonsa ba, abin da idonsa ya gani shi ya sa.

Yaya aka yi katako shafaffe ya nuna nisa? Dabara biyu ce. Mutanen kusa ya yi su manya, na nesa ƙanana. Sa'an nan launin na kusa ya fito sosai, na nesa kuwa ya dushe har ya saje da sama, kamar yadda hazo ke ɓoye dutse mai nisa. A waɗansu hotunan nasa har ganuwar Kampen ana gani, shi ya sa masu binciken tarihi ke amfani da irin waɗannan hotuna su san kamannin garuruwa da tufafin mutanen dā.

To, mu masu koyon aikin malanta fa? Idan ka kai irin wannan hoto aji, kada ka yi gaggawar bayani. Kafa shi inda kowa zai gani, ka yi shiru kaɗan. Kana ka tambaya: Mutum nawa suke aiki, nawa suke wasa? Wa ke jin daɗin sanyin nan, wa ke shan wuyarsa? Me ya nuna maka haka? Yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba zai iya amsawa, muddin ya duba da kyau.

Ka kuma lura da yaron nan na bayan aji wanda ba ya ɗaga hannu, ko wanda kunnensa ke da nauyi. Sau da yawa mukan ce daƙiƙi ne, alhali ba mu gwada shi ta hanyar ido ba. Ba shi alli da allo, ka ce ya zana kasuwar garinsu, ka ga abin da zai fito.