Mai Lalurar Hanji a Kan Hanyar Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Akwai ciwon cikin da asibiti ke dubawa a rasa miki ko ƙwayar cuta, amma mai shi ya san azabarsa: murɗa, kumburin ciki, yau gudawa gobe taurin bayan gida, sau da yawa sai ya zagaya yake samun sauƙi. Likitoci na kiransa IBS. A gida basir ko olsa ake cewa. Hanji ne mai saurin fushi, kuma damuwa na tayar da shi kamar yadda abinci ke yi.

Shi ya sa wannan hanyar take yi wa mai ciwon wuya. Daga Gusau zuwa Ƙaura Namoda tafiya ba nisa, amma da an miƙe Shinkafi ko Zurmi, maganar 'yan bindiga ce a bakin kowa, kuma ba direban da zai tsaya maka a daji don cikinka ya juya. Ka yi sammako ka zagaya tun a masauki, ka ci kaɗan, ka shiga motar safe. Fargaba kaɗai ta isa ta murɗa ciki, saboda haka ka rage mata mataimaka: ban da goro, ban da shayi mai madara a tasha.

Abinci kuwa, kowa ya san maƙiyinsa. Waɗanda suka fi tayar da shi su ne wake, ƙosai, albasa, tafarnuwa, burodi, nono da mangwaro. A Zamfara baƙo ba ya rasa ƙwaryar hura, ƙin karɓa kuma abin kunya ne. Ka kurɓa sau biyu, ka ce “likita ya hana ni nono”, ba mai jin haushi. Tuwon shinkafa, dafaffen ƙwai da ayaba sun fi zama lafiya. Ranar Alhamis da kasuwar Shinkafi ke ci, ƙamshin tsire zai ja ka. In ka kasa haƙuri, ka ce a rage yaji.

Ka riƙe ruwan leda, butarka, ƙullin gishiri da sukari, da maganin da likitanka ya rubuta. Na masu lasifika a tasha, mai wanke basir, gudawa yake ƙarawa.

In ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko amai da gudawa kamar ruwan shinkafa, wannan ba tsohon ciwonka ba ne, na ƙarshen ma yana iya zama kwalara. Kada ka jira komawa Gusau, ka nufi babban asibitin garin da kake.