Yadda matashin Wurno, Rabah ko Goronyo zai shiga tsarin inshorar lafiya

Da farko ka bincika ko kana cikin wani tsari ba ka sani ba. Idan mahaifinka ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, katinsa na NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, yana ɗaukar matarsa da 'ya'ya huɗu, amma 'yan ƙasa da shekara 18. Da ka cika 18, sai ka nemi naka.

Idan ɗalibi ne kai, ɗauko takardar kuɗin rajistarka ka bi ta layi-layi. A manyan makarantu akwai shirin TISHIP, wanda ake haɗa kuɗinsa cikin kuɗin makaranta. Ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo kake, ko a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko a kwalejin aikin gona ta Wurno, ka taka zuwa asibitin makaranta ka tambaya: “Kuɗin lafiyar da na biya, me ya ƙunsa?” Ka buɗe fayil tun kana da lafiya, ka karɓi kati. Ka kuma tambayi inda za ka je idan ciwo ya kama ka a gida lokacin hutu. Nan ne ɗalibai da yawa ke asara: sun biya tun farkon zango, amma zazzaɓi na kada su sai su nufi kemis su sake zare kuɗi. Mai bautar ƙasa kuma ya tambayi ofishin NYSC, domin akwai tsarin da aka yi musu da NHIA.

Wanda ba ya makaranta, manomin albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno, ko masunci a dam ɗin Goronyo, ko ɗan kabu-kabu, ƙofarsa SOCHEMA ce, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Sakkwato. Kowa ya zuba kaɗan, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga asusun, kamar gayya a gona. Ka riƙe lambarka ta NIN da ƙaramin hoto, ka je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku, ka nemi shugaban asibitin ya nuna maka jami'in rajista. Akwai kuma GIFSHIP na tarayya, wanda mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙungiya ke biya shekara-shekara. Ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa na iya shiga a dunƙule.

Ka kuma yi tambaya game da asusun BHCPF na kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa. Kyauta ne, amma an fifita masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu lalura da masu ƙaramin ƙarfi. Ko kai ba ka samu gurbi ba, matarka mai ciki na iya samu, kuma kuɗin haihuwa ba ƙaramin nauyi ba ne.

Kafin ka biya, a faɗa maka dalla-dalla: wane asibiti aka ɗora ka? Yaushe katin zai fara aiki, tunda akan yi jira bayan rajista? Idan ciwon ya fi ƙarfin babban asibitin Rabah, wa zai ba da takardar turawa Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa a Sakkwato? Wane magani ne ba ya ciki?

Ka biya lokacin da ka sayar da amfanin noman rani, kuɗi na hannu, domin katin ya fara aiki kafin damina ta kawo sauro. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi sai da rasit. Ka ɗauki hotonsa a waya, ka rubuta ranar sabuntawa.