Darasi na Goma Sha Biyu: Kalmar "Hurumi" da Ma'anoninta

Akwai kalmomin da za ku yi shekara kuna hira a kasuwa ba ku ji su ba, amma ranar da kuka kunna rediyo domin sauraron labarai sai ku ci karo da su. Ɗaya daga cikinsu ita ce "hurumi". Ɗalibin da ya san ma'anarta guda ɗaya kawai yakan rikice idan ya ji ta a wani muhalli, domin kalmar tana iya nufin fili, tana kuma iya nufin iko.

"Hurumi" suna ne, jinsinsa namiji. Saboda haka ake cewa "hurumi ne", "hurumin gari", "huruminsa". Asalinta daga Larabci ne, tushensu ɗaya da "haram", da "haramta", da "Harami", wato tsarkakakken yankin nan na Makka. Abin da ya haɗa su shi ne keɓewa: an shata iyaka, an hana kowa ƙetare ta sai mai izini. Idan kun riƙe wannan, sauran ma'anonin ba za su ba ku wahala ba.

Ma'ana ta farko ita ce filin da aka keɓe domin amfanin jama'a, ba a yarda wani ya nome shi ko ya yi gini a cikinsa ba. Tun zamanin da, garuruwan ƙasar Hausa sukan bar irin wannan fili a bayan gari domin dabbobi su yi kiwo, musamman da damina, lokacin da shuka ta rufe gonaki. A shekarar 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo, sai abin da al'ada ta saba yi ya shiga takardun hukuma. Misali na kusa shi ne na Bobi, a Ƙaramar Hukumar Mariga ta Jihar Neja, cikin masarautar Kontagora. A can akwai fili mai faɗin fiye da hekta 30,000 da aka ware wa masu kiwo. Turanci yana kiran irinsa "reserve". Bahaushe kuwa sai ya ce hurumin kiwo.

Ku dubi waɗannan jimloli:

An keɓe hurumi a Bobi domin shanu.
Manomi ya ci hurumi, ya faɗaɗa gonarsa.

A jimla ta biyu, "ci" ba ta da alaƙa da abinci. Manomin ya shiga filin da ba nasa ba ne. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin cin hurumi da toshe hanyar shanu suna cikin abubuwan da ke haddasa rikici tsakanin manoma da masu kiwo. Kada kuma ku haɗa hurumi da burtali. Burtali hanya ce da shanu ke bi tsakanin gonaki, hurumi kuwa wurin da suke tsayawa su yi kiwo. Ban da na kiwo, za ku ji hurumin maƙabarta da hurumin masallaci.

Ma'ana ta biyu ita ce ta fi yawa a labarai. A nan iyakar ba a ƙasa aka shata ta ba, doka ce ta shata ta. Hurumin kotu shi ne irin shari'o'in da doka ta ba ta ikon saurare, abin da lauyoyi ke kira "jurisdiction" da Turanci.

Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron ƙarar zaɓen gwamna.
Naɗin sarauta a Kontagora hurumin Mai Martaba Sarkin Sudan ne.

Ku lura sosai da jimla ta farko. Idan alƙali ya kori ƙara saboda rashin hurumi, bai ce mai ƙara ba shi da gaskiya ba, bai kuma wanke wanda ake ƙara ba. Abin da ya ce shi ne an kawo maganar inda bai dace ba. Ɗalibai da dama sukan fassara wannan da "an sami wanda ake tuhuma ba shi da laifi", kuma kuskure ne da ke juya labari gaba ɗaya. Ku lura da ginin jimlar ma: bayan "hurumin" sunan aiki ne ke biyowa, kamar "saurare", "kamawa", "yanke hukunci".

Daga kotu kalmar ta shigo zancen yau da kullum. Idan aka tambayi ma'aikaci abin da ya fi ƙarfin muƙaminsa, sai ya ce, "Wannan ba hurumina ba ne." Amsa ce ta ladabi, ta kuma fi "ba ruwana" nesa ba kusa ba, domin "ba ruwana" tana nuna halin ko-in-kula. Amma da zarar an juya ta zuwa ga wani, sai ta yi kaifi. "Ba huruminka ba ne" tsawatarwa ce. Kuna iya faɗa wa tsaranku, amma ba a faɗa wa mahaifi, ko malami, ko wani babba. Idan ya zama dole, sai a sassauta a ce, "Malam, ina ganin maganar tana hannun shugaban makaranta."

Aiki

1. Ku bayyana ma'anar "hurumi" a kowace jimla:
a. Fulani sun sauka a hurumi da garkensu.
b. Ɗan sanda ya wuce huruminsa.
c. Kada ka shiga hurumin da ba naka ba.
2. Jimla ta uku tana iya ɗaukar ma'ana biyu. Ku rubuta gajeren zance ga kowace ma'ana.
3. Wace kalma ake amfani da ita a harshenku na gida ga filin da aka keɓe wa jama'a? Shin ita ma ana amfani da ita a maganar iko?