Darasi Ga Makaɗan Ikilisiya: Zaɓen Tsirkiyar Gitar Bes

Karatu: Zabura 33:1-3

Mai Zabura ya umarci makaɗa su yi kiɗa da gwaninta. Gwanintar makaɗi kuwa takan fara ne tun daga zaɓen tsirkiya.

Iri biyu aka fi sani. Mai kaushi, da zagayayyiyar waya aka naɗe ta, muryarta kaifi gare ta. Mai santsi kuwa, da shimfiɗaɗɗiyar waya aka naɗe ta. Irinta ce kamfanin Fender ya ɗaura wa gitar bes da ya fitar a 1951. Muryarta da zurfi da taushi, ba ta danne muryoyin mawaƙa. A majami'un da ke kusa da Titin Bauchi a Jos, ƙurar hunturu kan maƙale a tsagogin mai kaushi har ta dusashe cikin watanni, alhali mai santsi kan yi shekaru.

Amma ta fi tsada, takan kuma fi jan wuyan gita, saboda haka sai gwani ya daidaita wuyan bayan ɗaurawa. A tabbatar da tsawon tsirkiyar kafin saye. Yawancin gitoci na inci 34 ne. Kuɗin baikon jama'a ne, bai kamata a ɓarnatar ba.

Tambaya: Idan kiɗa ya rufe kalmomin waƙa, wa aka ɗaukaka?