Tsoron da ya ƙi wucewa: magani ta hanyar motsa ido

A yau za mu yi magana a kan ciwon da ba a ganinsa a jiki.

Ranar 21 ga watan Maris 2021, ƴan bindiga suka faɗa wa garuruwan Intazayene, Bakorat da Wistane, a yankin Tillia na jihar Tawa. Gwamnati ta ce mutum 137 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wanda ya tsira daga irin wannan masifa, ko daga haɗarin mota ko gobara, yakan warke a jiki, amma abin da ya gani bai bar shi ba. Yana mafarkinsa. Ƙarar babur kaɗai ta sa gabansa ya faɗi. Wani ma ya daina zuwa gona ko kasuwa. Mutane su ce iska ce. A'a, ciwo ne, kuma yana da magani.

A shekarar 1987, wata Ba'amurkiya mai suna Francine Shapiro ta lura da wani abu: tana tafiya, idanunta na kai da komo, sai tunanin da ke damunta ya yi sauƙi. Ta gwada da wasu mutane, ta buga sakamakon a 1989. Ana kiran hanyar EMDR. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita.

Ga yadda ake yi. Da fari lokotoro yakan saurari majiyyaci, ya koya masa yadda zai kwantar da hankalinsa. Sa'an nan ya ce masa ya tuna hoton da ya fi tsorata shi, ya auna zafinsa daga 0 zuwa 10. Lokotoro ya riƙa kai yatsunsa dama da hagu, majiyyaci na bin su da ido kamar rabin minti. A tsaya, a numfasa, ya faɗi abin da ya zo masa, a sake. Ba dole ba ne ya ba da labarin duka. Wannan rahama ce ga mai jin nauyin magana. Galibi ana zama sau 6 zuwa 12.

Me ya sa yake aiki? Masana da yawa sun ce hankali ba ya ɗaukar kaya biyu masu nauyi lokaci guda, kamar jakin da aka riga aka ɗora wa buhun hatsi. Bin yatsa da ido yana cinye ƙarfin hankali, sai hoton ya dushe. Mutum ba ya mantawa; yana tunawa ne ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba.

Mu yi hattara: kada mu gwada wannan a gida, don tsoron na iya tasowa da ƙarfi. Aiki ne na wanda ya koya, kuma irinsu ba su da yawa a Nijar. Idan ɗan uwanmu ya wuce wata guda yana cikin wannan hali, mu raka shi likita mafi kusa ko babban asibitin Tawa, ya bayyana damuwarsa.